"Ai Dama Ba 'Yan Kano Ba Ne!"

Jama'a, akwai wata magana da ta ƙi tsufa a garin nan namu. Duk ranar da wani abu ya ɓaci a harkar fim, ko wata 'yar wasa ta saki hoton da bai kamata ba, ko wani jarumi ya yi katoɓara a gaban kyamara, to kafin la'asar za ka ji ta a teburin mai shayi, ka ji ta a cikin A Daidaita Sahu, ka gan ta a Facebook: "Ai dama ba 'yan Kano ba ne. Zuwa suka yi suna ɓata mana suna." Wanda ya faɗa sai ya kurɓi shayinsa hankali kwance. Ya wanke kansa, ya wanke garinsa.

Amma a watan Janairun 2024, da aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Ƙasa, ni dai a duk majalisun da na zauna ban ji wanda ya ɗaga yatsa ya ce a dakata, a Maiduguri fa aka haife shi a 1974, mahaifinsa mutumin Balanga ne ta Jihar Gombe, mahaifiyarsa 'yar Bama, kuma a Jami'ar Jos ya yi digirinsa. Abin da na ji kawai shi ne, "Namu ya samu!" Ran nan Sarki ɗan Kano ne tun daga hula har takalmi.

Ku da kuke bin finafinan nan kun fi ni sanin lissafin. Marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda rasuwarsa ranar 1 ga Janairu, 2007 ta sa matan aure kuka a cikin ɗakunansu, daga Jos ya zo. Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq, Jos. Adam A. Zango, Rahama Sadau da Umar M. Shareef, Jihar Kaduna. Jamila Nagudu da Fati Washa, Bauchi. Fati Nijar, wadda da wuya a yi bikin gidanku ba a sa muryarta ba, 'yar Maraɗi ce. Hadiza Gabon kuwa sunanta ma ya gama bayani, a Libreville aka haife ta. In ka koma baya, tun kafin a san kaset ɗin bidiyo, Samanja Mazan Fama da iyayenmu ke rugawa gidan maƙwabta su kalla, Banufe ne daga Pategi. A cire waɗannan duka a gefe, a bar mana zallar waɗanda aka yanke wa cibiya a cikin ganuwa, sannan a gaya mini fosta nawa za ta rage a bangon shagunan titin Gidan Zoo.

Kada wani ya ce haushin baƙo ne ke cin mai wannan rubutu. A gindin Dala aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Na yi wasan langa a lungunan da mota ba ta shiga, na sha bulalar makarantar allo a soron da kakana ya sha tasa. In ana rabon Kano da cokali, ina da nawa cokalin. Kuma don haka ne ma na san cewa wanda yake faɗin "ba 'yan Kano ba ne" ba koyaushe ne mugu ba. Sau da yawa mutum ne da garinsa ke suɓuce masa yana kallo, ya rasa wanda zai kama.

Ni kaina ina jin abin a jikina. Ban kai talatin ba, amma Kanon da na buɗe ido na gani ta tafi. Na san lokacin da acaɓa ne sarkin titi, kafin a hana shi ɗaukar fasinja a 2013. Na san Ƙofar Nasarawa ba gadar sama. Kududdufan da muke zuwa kamun tarwaɗa an cike su da shara, an zuba ƙasa, an kafa filaza. Ganuwar da malamin tarihi ke ce mana ta shekara ɗaruruwa, a wasu wuraren sai an nuna maka da yatsa ka yarda akwai ta, domin an ci ta ta ciki an ci ta ta waje. A ƙidayar 1991 an ce mutanen jihar nan miliyan 5.8 ne; a ta 2006 an ce miliyan 9.4, alhali tun 1991 aka yanke mana Jigawa. Bayan nan kuma ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, ga na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, ga ɗan ci-rani da ya zo da niyyar wata uku ya shekara goma. Kuɗin haya ya haukace. Saurayi ɗan asalin birni ya tashi aure, gidansu na gado an raba shi gida goma sha biyu, rabonsa bai isa shimfiɗa katifa ba. Ya fita neman ɗaki, dillali ya gaya masa kuɗin da sai ya nemi wurin zama. A daidai lokacin nan sai ga wani yaro da ya sauka a tashar Unguwa Uku shekara biyar da suka wuce da jakar leda, ya wuce shi a cikin mota mai baƙin gilashi, wai jarumi ne. To wallahi sai mai ƙarfin imani ne zuciyarsa ba za ta yi ɗaci ba.

Sai dai akwai tambayar da ba ma son yi a majalisa: wa ya sayar? Ɗan Jos ne ya shigo da dare ya auna kududdufin unguwarmu? 'Yar Maraɗi ce ta sa hannu a takardar gidan gadonmu? Gidan kakana na wajen uwa, mu da kanmu muka sayar da shi bayan rasuwarsa, magada suka yi layi kowa ya karɓi nasa, yanzu shagunan atamfa ne hawa biyu. Wanda ya saya kuwa maƙwabcinmu ne, Bakano ɗan Bakano.

Abin dariyar, da kuɗin muka koma bayan gari, can wajen Ɗorayi, inda aka yanka gonakin mutane aka mayar da su filoti. Watanmu biyu da tarewa aka yi sata a layin, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da can ba mu san wannan ba. Tun da baƙin nan 'yan birni suka cika mana gari ne." Mahaifina na zaune a wurin. Mutumin da in ya fara lissafa kakanninsa sai shayi ya huce, ran nan shi ne baƙo, a tazarar da ba ta fi tafiyar rabin awa ba daga inda aka binne cibiyarsa. Da muka dawo gida bai ce komai ba, sai dai ya ƙi cin tuwon dare.

Dama can baƙunta a Kano hawa-hawa ce. Ɗan cikin birni na yi wa ɗan Fagge da Tudun Wada kallon ɗan waje. Ɗan waje na yi wa na Sabon Gari kallon baƙo, duk da cewa unguwar ta kafu ne tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma akwai Inyamurai da Yarbawan da kakanninsu a nan aka haife su, Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi. Dukkansu kuma sai su haɗu su kira na ƙauye baƙauye. Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Jihar Kano ne tsantsa, daga Ɗanlasan, amma da wannan rainin na birni ga ƙauye ya gina rabin barkwancinsa, muna ta dariya ba mu lura da mu yake ba.

To mu dawo kan ƙorafin da ya fi shafar mu, wato cewa baƙi ne suka ɓata fim ɗin Hausa da rawa da waƙa da shigar da ba tamu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangare, ba zan ɓoye ba. Na sha zuwa lokeshin in ga ana ɗaukar bikin "Kanawa" amma ba kamu, ba sa lalle, ba buɗar kai, sai dina a otal. Na ga darakta ya sa yaro ya shigo falo ya zauna kusa da ubansa a kujera ɗaya yana kaɗa ƙafa. Na ga an rubuta wa tsohuwar cikin birni magana da Hausar da ba ta bambanta "shi" da "ita". Wanda ya tashi a gidan da ake tsugunawa a gaida babba dole abin ya sosa masa rai. Kuma gaskiya ne akwai 'yan matan da ke baro garuruwansu ba da sanin kowa ba, su faɗo hannun 'yan damfarar da ke kiran kansu furodusoshi.

Amma son Indiya fa? Wannan a gida muka same shi. Tun kafin a haifi Ali Nuhu gidajen silima na Kano ke cika da masu kallon finafinan Indiya, kakanninmu ne a kan benci. Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin wannan harka, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa ne na nan Kano suka yi shi. Sangaya, wanda ya buɗe ƙofar rawa da waƙa har ta kasa rufuwa, kamfanin Sarauniya ne na nan garin. 'Yan kasuwar da ke cewa in ba waƙa uku a fim ba za su karɓi kaset ba, a Ƙofar Wambai da Bata suke zaune, ba a Faringada ba. Masu saye kuma mu ne.

Kuma da wuta ta tashi ai ba ta tambayi kowa takardar haihuwa ba. Ina ɗan firamare aka yi badaƙalar 2007, amma duk wanda ya shigo aikin nan sai manya sun ba shi labarin zamanin. An dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai da aka kafa tun 2001 ta sami sabon shugaba, Malam Abubakar Rabo, aka shiga kame. An ɗaure Adam Zango a 2007 kan faifansa na Bahaushiya, aka ce to ai ɗan Kaduna ne. Sai ga shi a 2008 an ɗaure Ibro. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, Bakano da ba mai yi masa gorin gari, a kan Tsintsiya, fim ɗin da ke wa'azin zaman lafiya tsakanin ƙabilu. 'Yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna, ciki har da 'yan asalin Kano, suka je su ma suka ɗanɗani zama baƙi. Haka a 2016, da aka soke shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca, asarar ba ta ware ɗan gari ta bar baƙo ba.

Duk wannan da na zayyano tarihi ne, ana iya musu a kansa har asuba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani abokina, wanda zan sakaya sunansa.

Edita ne, yana tace hoto a wani ɗan ɗaki a titin Gidan Zoo, kuma in na faɗi finafinai masu dogon zango da suka bi ta kwamfutarsa a YouTube, da yawanku kun kalla. A Jos aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Kakansa ne ya bar Kazaure a shekarun 1940 ya tafi aikin kuza, ya yi aure a can, ya mutu a can. Wanda ya san Jos ya san zancen: Birom da Anaguta da Afizere na cewa ƙasar tasu ce, suna tsoron a mamaye su a gidansu, Hausawan da suka shekara ɗari a wurin na cewa su ma ba su san wani gari ba. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne ɗan zama. Aka yi rikicin Satumbar 2001, aka yi na Nuwambar 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, aka sake a 2010. A na 2008 aka ƙone gidansu, babansa ya fita bai dawo ba. Yana ɗan shekara goma mahaifiyarsu ta zuba su a bayan motar kaya. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne ihun da ake yi musu: ku koma Kano, ku koma garinku.

Suka "koma" Kano, garin da bai taɓa gani ba. Ranar farko a makaranta aka raɗa masa suna Ɗan Jos, kuma har yau da shi ake kiransa a industiri.

A poli muka haɗu, muna difloma. Lokacin cike fom ne na fara ganin abin da idona. Ni takardar indijin ɗina kwana biyu ta ɗauka: mai unguwa ya san babana, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Shi kuwa a Jos ba a ba irinsu. A nan kuma da ya je wani ofis, ma'aikacin ya saurari labarinsa tsaf, har da tausayawa, sannan ya ce, "Ka ce kakanka mutumin Kazaure ne? Ai Kazaure yanzu Jigawa ce, samari. Can za ka je." Lokacin da tsohon ya bar gida Kazaure na cikin Lardin Kano; jihar ce ta tashi ta bar shi yana kabari. Wani ya ja abokina gefe ya ce in zai kawo 'yan kuɗi za a samo masa mai unguwar da zai "san" kakansa. Ya ƙi. Ya shiga mota ya tafi Kazaure, ya kwana uku yana tambayar tsofaffi har ya sami wanda ya tuna sunan gidan. Yau takardarsa na cewa shi ɗan garin da ya taka sau ɗaya ne a rayuwarsa. Harajinsa a Kano, haƙurin cunkosonsa a Kano, kabarin mahaifiyarsa a Kano.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai bara da ya ga 'yar baffana a wajen wani suna a gidanmu. Suka daidaita, yarinya ta ce ta ji ta gani. Ni na yi masa jagora wajen gaisuwa. Baffa ya karɓe mu a soro da fara'a, ya tambayi sana'a. Da ya ji "fim" fuskarsa ta ɗan canja, amma da na yi bayanin cewa ba ya fitowa, a kan kwamfuta yake wuni, kuma limamin masallacin layinsu zai ba da shaidarsa, sai ya sassauto. Sannan ya yi tambayar da na san tana tafe: "To samari, su wane ne naku a garin nan?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mu mutanen Jos ne."

Baffa ya ce, "Allah Sarki. To madalla. Za mu yi shawara."

Duk Bakano ya san ma'anar wannan shawarar.

Ba zan zagi baffana a mujalla ba, kuma ba shi da laifin da zan zage shi a kai. Uba ne. Binciken asali kafin aure ba shi ya ƙirƙiro shi ba, kuma ya ga auren 'yan fim da dama da bai kai shekara ba. Abin da yake so shi ne gidan da zai je ya zauna in an sami matsala, dattijon da zai kalla ido cikin ido. Matsalar ita ce gidan toka ne tun 2008.

Da maganar ta isa kunnen Hajiya, kakarmu, wadda ta haura tamanin, sai ta aika a kira shi. Ina tsakar gida ina jin su. Ta ce, "Kai Alhaji, da kake neman asalin ɗan mutane, naka asalin ka san shi? Kakan ubanku da raƙumi ya shigo garin nan daga Azbin, da ayarin gishiri, ko Hausa ba ya ji. Malam na Madabo ne ya ba shi ɗaki a soro, daga baya ya ba shi 'ya. Da an tsaya tambayar su wane ne nasa, da kai ɗin ba a same ka ba."

Wallahi ni ban taɓa jin wannan labari ba sai ran nan. Na tashi ina ɗauka tare da dutsen Dala aka dasa mu.

Baffa ya ce, "Hajiya, wannan ai tun zamanin Sarki Abbas ne."

Ta ce, "To shekara nawa ake yi baƙunta ta wanke? Faɗa mini in ji, in ya so sai yaron ya je ya jira."

Bai amsa ba. Ni ma da na zauna na yi ta juya tambayar, sai na riƙa jin sunayen unguwanninmu kamar yau na fara jin su. Tudun Nufawa. Zangon Barebari. Agadasawa. Ayagi ta Yarbawa. Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus suka zauna. Tarihin da aka koya mana ya ce Bagauda kansa zuwa ya yi ya tarar da mutanen Dala, Wangarawa suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji da addinin da muke tinƙaho da shi, Shehu Magili ya sauka a zamanin Rumfa. Gidan sarautar da muke faɗuwa muna gaisarwa na Fulani Sulluɓawa ne, daga Ibrahim Dabo a 1819. Alhasan Ɗantata, wanda in ana kirarin arzikin Kano da shi ake farawa, a Bebeji aka haife shi a 1877, cikin Agalawa, fataken da asalinsu ya gangaro daga arewa. Ko kirarin garin ma, "ko da me ka zo an fi ka," ai da wanda ya zo ake magana. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a garin nan raɓar ce ke kwana ta wayi gari ta zama kaba, har ta fara yi wa raɓar gobe gori.

Maganar Hajiya ba ta sa Baffa ya ce ya bayar ba, kada ku ɗauka fim ne. Abin da ta jawo shi ne sharaɗi: a kawo masa namiji babba daga dangin uban yaron, wanda zai zo ya nema masa da bakinsa, ya kuma karɓi aure. Ya ba da wa'adi zuwa bayan Babbar Sallah, domin akwai wani ɗan Kantin Kwari da ya turo tun tuni, wanda ba sai an tambayi su wane ne nasa ba.

Dangin babansa sun watse tun ranar da aka zuba su a mota. An ce akwai ƙanin baban a Bauchi, wajen Muda Lawal, yana sayar da kayan gwari, amma rabon da a ji ɗuriyarsa an fi shekara goma, lambar wayar da ke hannunsu ta daina shiga. Ranar Talatar da ta wuce abokina ya miƙa wa furodusa kashi na tara na fim ɗin da yake tacewa, ya roƙi hutun kwana huɗu, furodusan ya ba shi uku. Ni na kai shi tasha da asuba. Ba shi da hoton mutumin, sai suna da laƙabi, da kuma cewa yana da tabon ƙuna a hannun hagu.